Kalmar da Iya Ta Nema a Bakina

Saƙon ya same ni a cikin metiro, jirgin ƙasan birnin Larabawan da nake aiki, mun baro tashar Abu Hail ke nan, ina tsaye a matse tsakanin wani ɗan Filifin da wani ɗan Indiya, kular abincina a rataye a hannu. Muryar 'yar'uwata ta nono ce. Ba uwa ɗaya muke ba, ba uba ɗaya ba. Mahaifiyata ta kwanta ciwo bayan ta haife ni, ciwon da ba ta tashi ba, sai aka miƙa ni ga Iya, wadda a lokacin take goyon jaririya 'yar wata huɗu. Wannan jaririyar ce yanzu, da shekara arba'in da biyu a kanta da shagon atamfa a kasuwa, take yi min magana ko sallamar kirki babu.

"Kai, ka ji. Kujerar Makkan Iya ta samu, na gama da komai. Ranar Alhamis ta sama za a rufe ɗaukar hoto da dangwale, wanda bai je ba an wuce shi. Ta ce ba inda za ta. Wai sai ka sake ta. Ka ji da ita, ni na gaji."

Sau uku na maimaita saƙon, har jirgi ya wuce da ni tashar da nake sauka. In sake ta? Ni na ɗaure ta? Haka nake ta faɗa a raina ina hawa matakala in koma ɗaya ɓangaren, amma ƙarya nake yi wa kaina. Na san abin da take nufi sarai.

Kakan mahaifina bafatake ne, goro yake ɗaukowa daga kurmi, kuma ba goro kaɗai ya saya a rayuwarsa ba. Kakar Iya tana cikin abin da ya saya. Ya ajiye su a wata gonarsa da ke bayan gari, a can aka haifi uwar Iya, ita kuwa Iya a cikin gidanmu aka yanke mata cibiya. Ta auri wani daga cikin mutanen gonar, ya rasu ya bar ta da ciki, ta dawo gidanmu ta haihu, ba ta sake fita ba. Duk wannan mun sani, amma a gidanmu ba a furta kalmar. In baƙo ya tambaya wace ce wannan tsohuwar, sai mu yi caraf mu ce ai Iya uwarmu ce. Uwarmu ce, amma ban taɓa ganin ta zauna a kujerar falo ba. Sai kowa ya ci sannan ta ci, a bakin murhu, daga abin da ya rage a gindin tukunya. Da mahaifina ya rasu shekara uku da suka wuce, washegarin sadakar bakwai ta durƙusa a gabana ta ce ranka ya daɗe. Ni da ta wanke wa kashi. Na yi faɗa, na yi roƙo, ba ta daina ba.

Da aka tashi hutun rana na fita bayan asibitin da nake aiki, na tsaya a inuwar wata mota na kira. A gida lokacin hantsi ne, ina jin kaji a bayanta.

"Iya, wace magana ce wannan nake ji?"

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya aiki? Ya zaman garin mutane?"

"Iya, don girman Allah ki ajiye ranka ya daɗen nan ki gaya min abin da ke faruwa."

Ta yi bayani a natse, yadda take bayanin haɗin miyar kuka. Ta ce tun tana yarinya uwarta ta gaya mata ba a taɓa 'yanta su ba. Bature ya zo ya ce an hana bauta, amma maganar Bature a kotu ta tsaya, ba ta kai sama ba. Mai su bai furta ba har ya mutu, ɗansa bai furta ba, mahaifina ma ya tafi bai furta ba, ita kuma nauyinsa ya hana ta tambaya. Baiwa kuwa, in ji ta, in ta je Makka ba da sakin mai ita ba, wahalar ce tata, ladan na ubangidanta ne.

"Ba zan tsaya gaban ɗakin Allah da igiya a wuyana ba," in ji ta. "Kai ne babba yanzu. Ka nemo shaidu biyu, maza masu hankali, ka faɗa sau uku, su ji, ni ma in ji."

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci ba na iya rage murya. Na ce Iya nononki na sha, a shari'a ke uwata ce, 'yarki ta haramta gare ni har abada. Ta yaya ɗa zai buɗe baki ya ce ya 'yanta uwarsa? Wane irin ɗan banza kike so in zama?

"Nono daban, wuya daban," ta ce.

"To ba zan faɗa ba."

"To shi ke nan. Allah ya ba mai rabo kujerar."

Ta kashe wayar. A rayuwarta ba ta taɓa riga ni kashewa ba.

Bari in faɗi gaskiyar abin da ya tsaya min a wuya. In na ce na 'yanta ki, to na amsa ke nan cewa jiya da shekaranjiya da duk shekarun nan mallakata ce. Ni, da na yi boko har na ƙetare teku. Ni da na taɓa kusan dambe da wani direban tasi a Deira don ya kira baƙar fata da wata kalma da ban so ba. Sai ga shi ana so in zauna a gaban shaidu in ɗauki rawanin kakan mahaifina in naɗa, ko da na minti biyu ne. Abin ya ba ni kunya, ya ba ni tsoro, kuma na ji haushin Iya ƙwarai da ta tono abin da muka binne muka shafe.

Na yi dabarar 'yan boko. Na kira limamin unguwarmu a gida, na roƙe shi ya yi mata bayani. Bawan Allah ya je har gida, ya zauna a zaure, ya gaya mata yau babu bawa babu baiwa, ita 'yantacciya ce kamar kowa, hajjinta nata ne, ladanta nata ne. Ta saurara, ta ba shi goro, ta raka shi da godiya. Da na kira in ji sakamako sai ta ce, "Malam ya san littafi, ni na san gidan nan."

Na kai maganar zauren wayar da muka buɗe na 'yan gidanmu, mu goma sha ɗaya. Wani ya sako fuskar dariya. Wata ta ce camfi ne irin na mutanen da. Autanmu ya ce, "Yaya ka faɗa mata kawai mana, ba magana ba ce? Duk mun wakilta ka." Kowa ya bi bayansa da mun wakilta ka, mun wakilta ka, suka koma tura hotunan biki. Da sauƙi a ce ka faɗa in ba bakinka ba ne.

Kwanakin nan ban iya zama wuri ɗaya ba. In na tashi aiki ba na komawa filat, sai in sauka bakin ruwa, in hau ƙaramin jirgin katakon nan da ke tsallakar da mutane, in je ɗaya gaɓar, in tsaya kamar mai jiran wani, in sake hawa in dawo. Wata rana sau huɗu na yi haka, har matuƙin ya fara kallona. In shiga Al Ras in bi layin masu kayan yaji, in fito ban sayi ko citta ba. In ɗauko waya in buga lambar Iya, in goge. Abokin zamana a filat, wani injiniya ɗan Zariya, ya ce ko dai an yi min kurciya ne. Na ce masa ya ji da tukunyar shinkafarsa da kullum take kamawa.

Aikina gashin ƙashi da jijiya ne, abin da ake kira fisiyo. A cikin masu zuwa wurina lokacin akwai wani mutumin Barazil, ƙato, baƙi wuluk kamar ni, ya ba hamsin baya. Kokawar ƙasa irin ta garinsu yake koyarwa a makarantu, akwai su da yawa a nan masu wannan sana'a, kowa Koci yake ce masa. An yi masa aiki a gwiwa, yana zuwa sau uku a mako. Da Turanci muke magana, nasa a karye, nawa ma ba na sarauniya ba ne. Ranar farko da ya tambaye ni ƙabilata na ce Bahaushe, saura kaɗan ya faɗo daga gado. Ya ce a yankinsu tsofaffi suna ba da labari cewa cikin waɗanda aka kawo a jirgin ruwa akwai Hausawa, masu rubutu a allo, masu rataya laya. Ya ce wa ya sani, ƙila kakanninmu ɗaya. Daga ranar ɗan'uwa yake ce min, yana dafa ƙirji. Ni kuwa na karɓa hannu biyu, ina jin daɗi. Ban taɓa gaya masa a wane ɓangaren ciniki kakannina suka tsaya ba.

Ranar Litinin, saura kwana uku a rufe dangwale, ya kwanta na kama ƙafa ina lanƙwasawa ina miƙewa, ina ƙirgawa da baki, hankalina yana Kano. Sai da na kai goma sha biyu ya ce, "Habibi, ta dama aka yanka." Na duba. Ta hagu ce a hannuna, lafiyayya ƙalau. Shekara goma sha shida ina wannan aiki ban taɓa yin haka ba. Ya yi dariya har gadon yana girgiza, sannan ya dube ni ya daina.

"Me ke cin ka, ɗan'uwa?"

Na ce wani abokina ne yake da matsala. Na ba shi labarin tas, na ɗora wa abokin. Na ƙara da cewa abokin nawa yana da gaskiya, don bai kamata mutum mai hankali ya biye wa irin wannan ba. Na naɗa masa tawul mai zafi a gwiwar da ta dace. Can ya ce bari ya ba ni labarin kakarsa.

Ya ce su mutanen karkarar rake ne. Da aka soke bauta a ƙasarsu, shekara ɗari da talatin da wani abu ke nan, an saki mutane ne hannu rabbana, babu gona, babu fartanya, babu karatu. Sai masu gonakin suka ce ai ba sai kun tafi ba. Ku kafa bukka a gefen gona, ku shuka rogo da wake ku ci, ku yi mana aikin rake kwana kaza a mako. Babu takarda, alfarma ce, kuma alfarma ranar da mai ita ya ga dama yake janyewa. Saboda haka kowa ya koyi lallaɓa babban gida. In an haifi ɗa, mai gonar da matarsa ake roƙo su tsaya masa a coci ranar wankan suna, su zama iyayensa a gaban Allah. Daga nan in ciwo ya zo su ne magani, in 'yan sanda sun kama mutum su ne beli, in an zo zaɓe su ne za su faɗi wanda za a zaɓa. Yaro ko babba, in ya haɗu da su a hanya sai ya cire hula ya miƙa hannu ya ce a sa masa albarka. Ya ce ya ga kakansa da furfura yana neman albarka a wurin saurayin da bai kai ɗansa ba.

Kakarsa tana da shekara tara aka kai ta babban gida wai a riƙe ta. Riƙon shi ne wanki da guga da goyo. Ba makaranta, ba albashi, sai kwancen kaya da kyautar Kirsimeti. Ta goyi 'ya'yan gidan, ta goyi jikokinsu. Da ta yi aure ta haifi uwar Koci, ba ita ta raine ta ba, don a babban gida take kwana, akwai jariri a can ma. Wata gwaggo ce ta riƙe yarinyar, uwa da 'ya sai ranar Lahadi bayan coci suke ganin juna. Mazan danginsu kuwa, in rake ya ƙare sai su tafi birni neman aiki, wasu su aiko, wasu ko labari. Mata ne suka riƙe gidaje, kaka da gwaggo da inna, kowace tana rainon ɗan wata. In an tambayi mutanen babban gida wace ce wannan, sai su ce ai kamar 'yar gida take. Da ya faɗi haka na ji kunnuwana sun yi zafi, na sunkuya ina gyara tawul ɗin da ba abin da ya same shi.

Uwarsa ta ƙi wannan rayuwa. Ta gudu birni, ta yi wankau shekara da shekaru, ta gina ɗaki biyu a kan wani tudu da bulon da take saye ɗai-ɗai. Ɗaya nata da 'ya'yanta, ɗaya na uwarta, har da fenti da labule. Suka hau mota ita da Koci, lokacin yana saurayi, suka je ɗauko tsohuwa. Tsohuwa ta yi murna, ta yi kuka, amma ta ce ba za ta taka ƙofa ba sai ɗan gidan ya sallame ta. Shi ne babba a lokacin, likita ne, a bayanta ya girma. Suka shiga su uku suka same shi a baranda. Ta tsaya da hannuwa a haɗe ta ce ta zo neman sallama.

"Ka san me ya yi?" in ji Koci. "Dariya ya yi. Ya tashi ya rungume ta. Ya ce sallamar me? Wa ya riƙe ki? Ke ba 'yar aiki ba ce, ke uwata ce, kada in ƙara jin wannan magana. Ya sa aka kawo mana kofi."

Na ce to ai ya yi magana mai kyau.

"Mai kyau ƙwarai. Mutumin kirki ne, ɗan zamani, yana ƙyamar abin da kakanninsa suka yi, yana duba talakawa kyauta. Amma bai ce jeki ba. Ita kuma jeki take jira. Muka koma mota mu biyu. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a can, a can ta mutu. Ya zo jana'iza ya fi mu kuka." Ya ɗan ɗaga ƙafar ya mayar. "Har yau na tsane shi. Bai so ya ji kalmar tana fita daga bakinsa ba. Kunnensa ya tausaya wa, ba kakata ba."

Agogon na'urar gashi ya yi ƙara. Na tashi na kashe, na tsaya na ba shi baya. Na ce babu wani aboki, ni ne. Na ce kuma mu ne babban gidan, kakan mahaifina shi ya saya.

"Na sani tun da ka fara," ya ce.

Muka ƙarasa aikin ina ƙirgawa. Da zai fita ya ɗauki sandarsa ya ce sai Laraba, malam likita. Bai ce ɗan'uwa ba, kuma abin ya yi min ciwo fiye da yadda na zata.

Kada a ɗauka daga nan na miƙe na yi abin da ya dace. Ina. Taurin kaina gado ne. Ranar Talata na wuni ina kafa wa kaina hujja. Nasu daban namu daban. Mu Musulmi ne, mun ci tare, mun yi salla tare, an binne nasu kusa da namu. Sai wata zuciyar ta ce yaushe kuka ci tare? Sai in tashi in zagaya ɗakin aiki in dawo. Na sha shayi kofi biyar kafin azahar. Na yi wa wata ma'aikaciya tsawa a kan tawul, na koma na ba ta haƙuri.

Da yamma 'yar'uwata ta nono ta kira, wannan karon ba saƙo ba. Ita kaɗai ce a duniya take yi min magana kamar ta aike ni na ɓatar da canji.

"Kai wai me kake ji da shi ne? Kana tsammanin ni daɗi nake ji? In ita baiwa ce, ni mece ce? 'Ya'yana fa? Ranar da ta faɗa min kwana na yi ban ci abinci ba. Na haɗiye, don ina so uwata ta ga Ka'aba kafin idonta ya rufe. Kai me ya fi ƙarfin maƙogwaronka? Shekara saba'in tana yi muku abin da kuke so. Sau ɗaya ta ce a yi mata abin da take so, ka tsaya kana mana Turanci."

Na ce ba haka ba ne.

"Haka ne mana. Jibi ne Alhamis. Kuma ka ji, in za ka yi, ita kaɗai. Kada ka kuskura ka sako ni a ciki, ni ba wanda ya taɓa mallakata."

Ranar Laraba na nemi izini a wurin aiki na fita da wuri. Na ja injiniyan Zariya, muka nufi Al Ras wurin wani dattijo ɗan Damagaram mai shagon turare da kayan yaji, wanda muke salla tare. Ina ta kame-kame wajen yi masa bayani, ina jiran ya zaro ido. Ko gezau. Ya ce a wajensu har gobe ana yi, shi kansa ya taɓa zama shaida sau biyu. "Bon, je ka yi alwala," ya ce da guntun Faransancinsu. Bayan la'asar ya sallami wani mai sayen lubban, ya ja ƙofar shagon rabi, ya shimfiɗa darduma a tsakanin buhunan kanumfari da busasshen lemo. Muka zauna mu uku, na jingina wayar a jikin wani gwangwani.

Hoto ya buɗe. Iya tana zaune a tabarma a tsakar gidanmu, ta ci ado da atamfar sallarta, ta yafa farin mayafi. 'Yarta ce riƙe da wayar, ba na ganin ta, sai numfashinta. Iya ta gaida shaidu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi garinsu da sunan iyayensu, ta gamsu. Sannan ta gyara ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, waɗanda ni nake aika musu man shafawa. Na ce Iya ki zauna. Ta ce a haka ake yi.

Dattijon ya faɗa min kalmomin a hankali. Na dubi Iya a wayar. Gumi ya jiƙa min riga ga sanyin na'ura yana busowa. Na buɗe baki.

"Na 'yanta ki saboda Allah. Ba mai iko da wuyanki sai wanda ya halicce ki."

"Da zuriyata," in ji Iya.

Hoton ya girgiza. Na san wa ke riƙe da wayar. Na jira ko 'yar'uwata za ta yi magana, ba ta yi ba. Iya ta zuba min ido tana jira.

"Da zuriyarki," na ce.

Na faɗa sau uku, kowanne da zuriyar. A na ukun muryata ta karye, hawaye suka zubo min a gaban mutane, ban damu ba. Shaidu suka ce mun ji, mun shaida. Dattijon ya ɗaga hannu ya yi addu'a doguwa, muka shafa. Iya ta kifa goshinta a tabarma ta daɗe, kafaɗunta suna motsi. Da ta ɗago fuskarta a sake take, rabon da in gan ta haka tun ina yaro. Ta ce gobe da sassafe za ta je a ɗauki hoton, a dangwala duk yatsun da ake so. Ta sa min albarka, ta sa wa 'ya'yana, ta ce za ta kira sunana a gaban Ka'aba. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, har na fara tunanin ashe abin bai kai yadda na ɗauke shi ba. Injiniya ya miƙa hannu zai ɗauko shayin da aka kawo mana.

"Saura alfarma ɗaya," in ji Iya. "Kayana na ɗaure su tun shekaranjiya, ƙunshi huɗu ne da akwati. Ina roƙo a bar min su a ɗakin har in dawo. Gidan suruki ba wurin zaman uwa ba ne, amma kafin nan zan ga inda Allah zai ajiye ni."

Ban gane ba da farko. Na ce wane kaya? Wa ya ce ki tashi?

"Da ina zaune ne don ni ta gidan ce. Yanzu da wane suna zan zauna?"

"Iya, ɗakinki ne. A gidan nan aka haife ki. Ɗakinki ne."

Ta yi murmushi irin wanda take yi min in na zo da ƙaryar yara.

"Da nawa ne da ban roƙa ba."

Na buɗe baki zan rantse mata, sai na tuna mu goma sha ɗaya ne magadan gidan, kuma biyu daga ciki sun riga sun fara kawo dillalai suna auna bango. Ta gyara mayafinta tana jirana. Shaidun nan biyu ma suna zaune suna jira.